Darasi na Bakwai: Haraji, Kamu da Gona a Ƙasar Birnin Kudu da Gwaram

Ƙananan hukumomin Birnin Kudu da Gwaram suna kudancin Jihar Jigawa, a bakin iyaka da Jihar Bauchi, kuma a yau suna ƙarƙashin Masarautar Dutse. Amma kafin a ƙirƙiro Jigawa ranar 27 ga Agusta, 1991, yankin ya daɗe yana cikin ƙasar Kano, tun zamanin sarakunan jihadi, ya zarce na Turawa, har bayan samun mulkin kai. Saboda haka babu wani salon mulki da aka gwada a Kano wanda bai bi ta kan manomi da makiyayin wannan yanki ba, kuma a wurare uku hukuma ta saba taɓa su: a dukiyarsu ta hanyar haraji da jangali, a jikinsu ta hanyar kamu da tsarewa da aikin tilas, sai kuma a gonarsu, wadda daga gare ta ake samun abin biyan harajin da abin ciyar da jikin.

Haƙƙin mutum, a ma'anar da darasin nan yake nufi, shi ne abin da mutum ya cancanta a bar masa ko a yi masa don kawai shi ɗan Adam ne kuma ɗan ƙasa, ba tare da neman alfarmar wani babba ba, kamar ransa da mutuncinsa da dukiyarsa da damar faɗin albarkacin bakinsa. Ikon hukuma kuwa shi ne damar da aka ba masu mulki ta su kafa doka, su karɓi haraji, su kama mai laifi su hukunta shi, ko yana so ko ba ya so. Al'umma ba ta zama lafiya sai da duka biyun, domin inda hukuma ta yi rauni ɓarayin shanu ne suke yanke hukunci, inda kuma ba ta da mai tsawata mata ita kanta takan zama abin tsoro. Tarihin yankin nan ya nuna cewa abin da yake raba haƙƙin da ya tsaya a takarda da haƙƙin da talaka yake mora shi ne amsar tambaya guda: idan mai iko ya zalunci mutum, akwai wurin da zai kai kuka wanda ba ya hannun wanda ya zalunce shi?

Iyakar da malamai suka shata wa sarakuna

Ra'ayin cewa sarki yana da iyaka ya riga Turawa zuwa ƙasar Hausa da ɗaruruwan shekaru. A zamanin Sarkin Kano Muhammadu Rumfa, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499, Shehu Muhammadu ɗan Abdulkarim al-Maghili ya rubuta littafi a kan abubuwan da suka wajaba a kan sarakuna, inda ya ɗauki sarauta a matsayin amana, ya kuma wajabta wa sarki ya riƙa zama yana sauraron talakawa da kunnensa, domin sau da yawa barorinsa ne abin kukan. Bayan kimanin shekara 300, Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya lissafo a cikin Kitabul Farƙ al'adun sarakunan Hausa da ya ɗauka zalunci ne, ya kuma kira su da sunayen da mutane suka san su da su: jangali da kuɗin gari, da gaisuwa, wato abin da ake kai wa mai mulki kafin ya dubi buƙatar mutum, da kamuwa, wato ƙwace dabbobin mutane don ɗaukar kayan sarki, da gargaɗi, wato tilasta wa mutane fita yaƙi ko su biya tara. Ƙaninsa Abdullahi ya rubuta Liya'ul Hukkam a birnin Kano domin ya nuna wa sababbin masu mulki yadda shari'a ta tsara ayyukansu.

Fiƙihun da waɗannan malamai suka gada yana da ginshiƙi mai ƙarfi a wannan fanni. Malamai irin su Imam Gazali sun bayyana cewa manufar shari'a ita ce kare abubuwa biyar, addini da rai da hankali da zuriya da dukiya, don haka mai mulkin da ya keta ɗayansu ba bisa ƙa'ida ba ya rushe dalilin da ya sa aka naɗa shi. Haka kuma fiƙihun ya san zaman mazalim, wato zama na musamman da ake yi domin sauraron ƙarar da talaka ya kawo a kan hakimi ko alƙali ko wani ma'aikacin hukuma. Raunin tsarin shi ne sarkin da ake neman adalci a wurinsa shi ne ya naɗa waɗanda ake ƙarar, kuma shi yake cin amfanin abin da suka tara. Wajibi ne kuma a faɗi cewa wannan tsari ya amince da bauta, ta yadda haƙƙoƙin da ake magana a kansu ba su game kowa daidai ba.

Malaman Tsakuwa da duwatsun Ningi

Ba a daɗe da kafa daular Sakkwato ba sai yawancin kuɗaɗen da Shehu ya soka suka dawo, wasu da tsohon sunansu, wasu da sabo, domin masarauta ba ta tafiya sai da dawaki da mayaƙa, kuma akwai gaisuwar da ake aikawa Sakkwato. A wajajen 1846, a farkon sarautar Sarkin Kano Usman, wasu malamai a garin Tsakuwa, ƙarƙashin jagorancin Malam Hamza, suka ƙi biyan kuɗin ƙasa, wato harajin da ake ɗora wa gona, suna ganin shari'a ba ta ɗora musu shi ba. Da suka rasa inda za su kai hujjarsu a saurare su, sai suka yi ƙaura zuwa duwatsun Ningi, waɗanda suke maƙwabtaka da ƙasar Birnin Kudu, suka haɗa kai da Butawa da Warjawa da sauran mutanen duwatsun, suka kafa mulkinsu.

Ƙaura ita ce ɗaukaka ƙarar talaka a wancan zamani, kuma sarakuna suna tsoronta, tunda hakimin da mutanensa suka watse ba shi da abin kai wa gaba. Sai dai ƙarshen labarin bai yi daɗi ga wannan yanki ba. Mulkin da masu gudun haraji suka kafa ya rikiɗe ya zama mai kai hari, kuma tsawon rabin ƙarni Ningawa suna afka wa garuruwan kudancin Kano suna kwasar mutane da dabbobi, har Sarki Abdullahi Maje Karofi, wanda ya yi sarauta daga 1855 zuwa 1882, ya sha fita yaƙi da su. Manomin kudu ya shiga tsaka mai wuya, yana buƙatar ƙarfin sarki don kada a kama shi bawa, kuma kariyar da yake samu da haraji da aikin ganuwa yake biyanta.

Zamanin En'e

Sojojin Ingila sun ci Kano ranar 3 ga Fabrairu, 1903, kuma Gwamna Lugard ya zaɓi ya yi mulki ta hannun sarakuna, abin da ya haifar da Hukumar Gargajiya wadda kowa ya sani da En'e. Ta wani gefen an sami sauƙi, domin hare-haren kamun bayi sun ƙare, dokar 1901 ta ce duk wanda aka haifa daga Afrilun shekarar ɗa ne, kuma a 1936 aka soke bauta baki ɗaya a Arewa. Ta wani gefen kuma ikon sarki a kan talaka ya ƙaru fiye da yadda yake a da. Hakimai da suke zaune a birni aka tura su su tare a gundumominsu, aka kafa baitulmali, aka yi rajistar magidanta, aka kuma ce a biya haraji da tsabar kuɗin Bature, abin da ya tura manoma noman gyaɗa bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Ƙaurar da take tsoratar da hakimi ta rage amfani, tunda duk inda mutum ya nufa akwai mai unguwa riƙe da takardar haraji, kuma sarkin da a da yake shakkar tawayen talakawansa yanzu bindigar Bature ce a bayansa.

Abin da ya kamata ɗalibi ya lura da shi shi ne yadda aka tattara komai a hannu guda. En'e ce take yanka haraji, ita take karɓa ta hannun hakimi da dagaci da mai unguwa. Dogarai da 'yan doka nata ne. Ita take naɗa alƙalai ta biya su albashi. Gidan yari nata ne. Kotun sarki kuma, wadda a Kano take da ikon yanke hukuncin kisa, ita ce take sauraron rikicin gona. Doka ba ta yarda lauya ya tsaya a waɗannan kotuna ba. Mutumin da dagaci ya zalunta zai kai ƙara wurin hakimin da ya kawo dagacin, idan ya wuce nan sai wurin alƙalin da yake cin albashin En'e, wato dai an ba kura ajiyar nama. A ƙa'ida Di'o da Razdan, wato jami'an Turawa, suna da ikon duba hukunci su sauya shi, kuma wani lokaci sukan yi, amma manufar gwamnatinsu ita ce kare martabar sarki a idon talakawa, ga shi kuma mai ƙara ba ya isa gare su sai ta hannun tafinta da masinja.

Aikin tilas ya fi komai fito da wannan a fili. An yi amfani da shi wajen shimfiɗa hanyar jirgi da gyaran hanyoyi da ɗaukar kayan ma'aikata a rangadi, kuma ko da yake Ingila ta amince da yarjejeniyar duniya ta 1930 da ta taƙaita shi, da Japan ta ƙwace Malaya a Yaƙin Duniya na Biyu, gwamnati ta ɗebi dubban mutane daga lardunan Arewa tsakanin 1942 da 1944 ta kai su haƙar kuza a Jos, inda sanyi da ƙarancin abinci da cuta suka kashe da yawa. Talakawa sun kira wannan ɗiban gwamna, ko da yake ba gwamna ne yake zaɓen wanda zai tafi ba, dagaci ne, kuma ba ɗan mai hali yake nunawa ba.

Sawaba da rubuta haƙƙoƙi

Ranar 8 ga Agusta, 1950 aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano, wadda daga baya Malam Aminu Kano ya shugabanta, kuma a cikin watan ne Abubakar Tafawa Ɓalewa ya gabatar da ƙudurin gyara tsarin En'e a majalisar Kaduna. NEPU ta shiga ƙauyuka tana gaya wa talaka cewa noman gandun sarki kyauta ba dole ba ne, kuma yana da damar tambayar inda harajinsa yake tafiya. Martanin da ta samu ya fito ne daga wancan hannun guda: En'e ce take ba da izinin lacca, 'yan dokarta ne suke kama wanda ya yi taro babu izini, alƙalinta ne yake ɗaure mutum ko ya sa a yi masa bulala bisa laifin zagi ko ƙin bin umarni. Hajiya Gambo Sawaba, wadda aka sha ɗaurewa, ita ce sunan da aka fi tunawa, amma yawancin waɗanda suka sha wannan wuya manoma ne da teloli da 'yan koli da ba a rubuta sunayensu ba.

Gardamar ba ta tsaya a siyasa ba, ta shiga fagen ɗa'a da addini. Masu goyon bayan sarauta suna kafa hujja da cewa bin na gaba bin Allah ne, kuma fitina ta fi zalunci muni, maganar da take da nauyi a wurin mutanen da kakanninsu suka ga harin Ningi. Malaman NEPU kuwa suna amsawa da littattafan Shehu da Abdullahi, suna cewa biyayya tana da sharaɗi, ba a yin ta a cikin saɓo, kuma faɗa wa azzalumi gaskiya ibada ce. Kowane ɓangare ya riƙe wani abu na gaskiya, amma hujjar farko tana da aibi guda, domin ta bar wa mai mulki shi kaɗai ya fassara abin da ake kira fitina.

Gyaran ya zo daki-daki. Hukumar Willink, wadda aka naɗa a 1957 don binciken tsoron da ƙananan ƙabilu suke yi, ta ba da shawara a 1958 a rubuta haƙƙoƙin ɗan Adam a cikin tsarin mulki, aka kwaikwayo su daga yarjejeniyar Turai ta 1950, suka fara aiki a 1959, suka kuma shiga tsarin mulkin 1960. A daidai lokacin wani kwamitin masana shari'a ƙarƙashin Alƙalin Alƙalan Sudan, Sayyid Muhammad Abu Rannat, ya share hanyar dokar Final Kod, wadda ta fara aiki a 1960, ta yadda ba za a ƙara hukunta mutum ba sai da laifin da aka rubuta aka kuma faɗi hukuncinsa. Duk da haka ɗauri bai tsaya ba a Jamhuriya ta Farko, saboda sabuwar dokar tsofaffin hannuwa ne suke aiwatar da ita. Ko murabus ɗin Sarkin Kano Muhammadu Sanusi a 1963, bayan binciken da wani jami'i mai suna Muffett ya yi a kan kuɗin En'e, wanda ya kai shi zama a Azare, gwamnatin Kaduna ce ta jawo shi, ba ƙarar wani talaka ba.

Abin mamaki shi ne gwamnatin soja ce ta warware ƙullin. A wajajen lokacin da aka ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, an soke kotunan sarakuna, aka mai da kotunan alƙalai ƙarƙashin ɓangaren shari'a na jiha, gidajen yari suka koma hannun Tarayya a 1968, 'yan doka kuma aka narkar da su cikin 'yan sandan Nijeriya. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya karɓe ragowar ikon zartarwa daga sarakuna, kuma a wannan zango ne matan Arewa suka fara jefa ƙuri'a. Da jam'iyyar PRP, magajiyar NEPU, ta ci Jihar Kano a 1979, gwamnatin Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali. A zaɓen ne kuma Sule Lamiɗo, ɗan Bamaina ta ƙasar Birnin Kudu, ya tafi Majalisar Wakilai a tutar jam'iyyar.

Lokacin da aka toshe ƙofar kotu

Sojojin da suka raba sarki da kotu su ne kuma suka tattara iko a hannunsu fiye da kowane sarki. A 1970 Kotun Ƙoli ta yanke a shari'ar Lakanmi cewa gwamnati ba ta da ikon ƙwace dukiyar mutum ta hanyar dokar soja ba tare da shari'a ba. Cikin 'yan makonni gwamnatin Gowon ta fitar da doka mai lamba 28 ta rushe hukuncin, ta kuma hana kotuna sake taɓa irin wannan magana. Doka mai lamba 2 ta 1984, ta zamanin Janar Buhari, ta ba da ikon tsare mutum wata uku ba tare da tuhuma ba, a kuma sabunta, kuma babu alƙalin da zai tambayi dalili. Gwamnatocin da suka biyo baya sun riƙe ta har 1999. A 1998 gwamnatin Janar Abacha ta tsare Rimi da Lamiɗo saboda adawa da shirin tazarce, ba su fito ba sai bayan rasuwarsa a watan Yuni.

Abin da irin waɗannan dokoki suke kashewa shi ne wata tsohuwar dama da Ingila ta ƙarfafa da dokar 1679, wato ikon alƙali ya umarci duk wanda yake tsare da mutum ya kawo shi gabansa ya faɗi dalili. Amfanin wannan iko na alƙali ya bayyana a 1980, a mulkin farar hula, lokacin da gwamnatin Tarayya ta kori Shugaba Abdurrahman Darman, jagoran masu rinjaye a majalisar Borno, zuwa Cadi bisa cewa ba ɗan ƙasa ba ne, Babbar Kotun Maiduguri kuma ta ce korar haramtacciya ce.

Abin da tsarin mulkin 1999 ya tanada

Babi na huɗu na tsarin mulkin da ake aiki da shi, daga sashe na 33 zuwa na 46, shi ne ya ƙunshi haƙƙoƙin da kotu take iya tilasta wa hukuma ta kiyaye. Sashe na 34 ya haramta azabtarwa da bauta da aikin tilas, ko da yake ya ware ayyukan da al'umma ta saba yi don amfanin kanta. Sashe na 35 ya fi kowanne shafar rayuwar yau da kullum: wanda aka kama yana da damar yin shiru har sai ya ga lauya ko wani da ya zaɓa, dole a sanar da shi dalilin kamun a rubuce cikin awa 24 da harshen da yake ji, dole a kai shi kotu cikin kwana 1 idan akwai kotun da ta dace a tazarar kilomita 40, idan babu kuma cikin kwana 2 ko abin da kotu ta ga ya dace, wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba kuwa ya cancanci diyya da ban haƙuri a bainar jama'a. Ƙa'idar kwanakin ba ta hau kan wanda ake zargi da laifin da hukuncinsa kisa ne ba. Sashe na 36 ya ce mutum ba shi da laifi har sai an tabbatar, ya kuma ba shi tafinta kyauta idan ba ya jin harshen kotu. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta ƙara da hana kama wani a madadin wani, kamar a tsare uba don ɗansa ya gudu, da hana kamu a kan bashi ko saɓa alkawarin ciniki, abubuwa biyu da har yanzu ba su ɓace daga caji ofis ba.

Waɗannan haƙƙoƙi suna da iyaka. Sashe na 45 ya yarda a taƙaita 'yancin sirri da addini da magana da taro da zirga-zirga domin tsaro ko zaman lafiya ko lafiyar jama'a ko kare haƙƙin wasu, amma da sharaɗi biyu: taƙaitawar ta zo ta hanyar doka, kuma ta zama irin wadda ƙasar dimokuraɗiyya za ta iya karewa da hujja. Wanda yake auna sharaɗin alƙali ne, ba gwamna ko kwamishinan 'yan sanda ba. Bayan 'yan sanda sun tarwatsa gangamin jam'iyyar ANPP a Kano a Satumban 2003 saboda rashin izini, shari'ar ta kai Kotun Ɗaukaka Ƙara, wadda ta tabbatar a 2007 cewa neman izinin 'yan sanda kafin taron lumana ya saɓa wa tsarin mulki. An ɗauki fiye da shekara 50 kafin kotu ta faɗi abin da 'yan NEPU suke faɗa a bakin kasuwa.

Sashe na 46 ya ba duk wanda aka keta haƙƙinsa, ko ake shirin ketawa, damar zuwa Babbar Kotu kai tsaye, kuma ƙa'idojin 2009 sun yarda wani ya shigar da ƙarar a madadinsa. Akwai kuma Hukumar Sauraron Koke-koken Jama'a da aka kafa a 1975, da Hukumar Ba da Agajin Lauya ta 1976, da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta 1995. Ƙofar a buɗe take a doka; abin da yake tare mutumin ƙauyen Gwaram shi ne kuɗin mota da kuɗin lauya, da yawan ɗage zama a tsakiyar damina, da tsoron abin da zai biyo baya idan ya koma gida.

Gona

A nan ne tsohon tsarin ya fi barin saura. Dokar 1910 ta sanya ƙasar Arewa duka a hannun Gwamna Bature, dokar 1962 ta miƙa ta ga minista a Kaduna, sai Dokar Amfani da Ƙasa ta Maris 1978, ta zamanin Janar Obasanjo, ta shimfiɗa wannan tsari a kan Nijeriya baki ɗaya. Bisa dokar, ƙasar kowace jiha tana hannun gwamna a matsayin amana, mutum kuma damar zama da amfani yake da ita. Gwamna yake ba da takardar filayen birni, ƙaramar hukuma take ba da ta karkara, har hekta 500 don noma ko 5,000 don kiwo ba tare da neman yardar gwamna ba. Sashe na 36 na dokar ya kare manomin da yake noma gonarsa tun kafin 1978, ya ɗauke shi kamar wanda aka ba dama ko da ba shi da takarda, kuma a kan wannan sashe yawancin gonakin gado na Birnin Kudu da Gwaram suke tsaye.

Sashe na 28 ya ba gwamna ikon soke damar mutum saboda buƙatar jama'a da ta rinjayi tasa, kamar hanya ko makaranta ko asibiti ko madatsar ruwa, kuma babu mai hankalin da zai ce a hana hukuma wannan iko, in ba haka ba mutum ɗaya zai iya hana gari hanya. Matsalar tana wajen diyya. Sashe na 29 ya ce abin da ake biya shi ne gini da amfanin gona da sauran abin da mutum ya ƙara a kan filin, ƙasar kanta ba a saya, ta yadda wanda aka karɓe wa fadamar da take ciyar da gidansa shekara da shekaru ana iya auna asararsa da abin da yake tsaye a cikinta ranar da ma'aikata suka zo. Kwamitin da yake sauraron ƙorafin diyya gwamna ne yake naɗa shi, sashe na 47 kuma ya nemi hana kotu duba yawan kuɗin, ko da yake sashe na 44 na tsarin mulki ya ba mai dukiya damar zuwa kotu a kan wannan magana. Mai karɓa, mai ƙiyastawa da mai sauraron kuka sun sake haɗuwa a gida ɗaya. A Bakolori, kusa da Talatar Mafara, manoman da aikin madatsar ruwa ya raba da gonakinsu sun tare hanyoyi suna neman diyya, a Afrilun 1980 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe musu wuta, aka kashe da dama. A cikin Jigawa ma, shirin ba wani kamfani kimanin hekta 12,000 don noman rake a yankin Gagarawa ya jawo doguwar jayayya da manoman wurin.

Kotuna sun rage kaifin dokar ta hanyar tsananta sharuɗɗanta. Kotun Ƙoli, a shari'ar Osho ta 1991, ta nuna cewa soke damar mutum ba ta inganta sai an kai masa sanarwa yadda doka ta tsara, kuma karɓe filin wani don a miƙa wa wani mutum ya yi harkar kansa ba buƙatar jama'a ba ce. Saboda haka manomin da aka ce ya tashi yana da tambayoyin da doka ta ba shi: ina takardar sanarwa, wane ne ya sa mata hannu, wane aiki za a yi, kuma da wane ma'auni aka ƙiyasta diyya? Makiyayi ya fi shi rauni, domin burtali da makiyaya, waɗanda dokar 1965 ta Jihar Arewa ta yi nufin karewa, ba a kan sunan kowa suke ba, kuma abin da ba shi da mai suna shi aka fi saurin yankawa.

Gyara dokar kanta abu ne mai wuya, saboda sashe na 315 na tsarin mulki ya ɗaure ta a jikinsa, ba a taɓa ta sai da amincewar kashi biyu cikin uku na Majalisar Tarayya da kuma majalisun jihohi 24 daga cikin 36. Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa ya kafa kwamitin gyaran harkar ƙasa a 2009 ƙarƙashin Farfesa Akin Mabogunje, ya kuma aika wa majalisa ƙudurin rage ikon gwamnoni a kan cinikin filaye, amma ƙudurin bai zama doka ba.